Rauta a Kan Rumbun Malam Mati

Shafi na 12

Salamu alaikum. Masu cewa na bar Badaru tsaye da tsani a kafaɗa kwana uku, ku yi haƙuri, yau za mu sauke shi.

Ranar Talata ce da hantsi. Malam Mati ya hau kekensa ya nufi Dawakin Tofa gaisuwar mutuwa. Kafin kukan kacar keken ya gama ɓacewa, ɗansa na fari, Badaru, ya jingina tsani a jikin babban rumbun da ke bayan gida.

Sama'ilu mai jinka, ɗan ƙanen Malam Mati, yana tsaye rungume da kwali, yana ta waige-waige kamar wanda ya zo satar kaza.

"Badaru, ni fa gabana faɗuwa yake yi."

"Riƙe min tsani. Ba wa'azi na kira ka ba."

"Baffa ya ce kar a taɓa rumbun nan. A gabana ya faɗa, har sau uku."

"Wa ya ce zan taɓa masa hatsi? Jinka za mu ɗaga, mu ɗaure gora a jikin tanka, mu mayar. Kafin ya dawo mun gama."

"In ya dawo ya ga gora tsaye a kan rumbu fa? Ka ce tsirowa ta yi?"

"In ya ga abin yana aiki, zai huce."

Wata bakwai ke nan da Badaru ya baro Kano. Shagon gyaran wayarsa ne ya durƙushe a shekarar da kuɗin mai ya tashi ya bar mutane a ƙasa, ya kwaso matarsa Hafsatu da 'ya'ya uku ya dawo gidan ubansa. Da ya zauna ya duba, sai ya ga mutanen ƙauye suna shan wuya a kan abu kaɗan. Cike fom, rajistar jarrabawa, duba sakamako, duk sai an je gari, kuɗin mota ya fi kuɗin aikin. Shi ne ya ƙudurta zai kafa kwamfuta biyu a zauren gidansu, ya jawo musu intanet.

To amma da wane ƙarfi? Akwai abin da babu wanda ya sani a gidan sai Sama'ilu. Buhu biyar na gero da Badaru ya samu a gayaunarsa da aka noma masa tun yana Kano, waɗanda ya ba surukinsa Ɗan Iya ajiya a kasuwa, ya sayar da su kaf. Su ne suka zama kayan da ke cikin kwalin nan. Da ubansa ya tambaye shi, cewa ya yi tsohon maigidansa na Kano ne ya ba shi kyauta. Abin da ya ba shi ƙarfin zuciya kuwa shi ne wannan rumbu. Kowa a gidan ya san maganar Malam Mati: ko shekara biyu sama ta yi rowa, abin da ke ciki zai riƙe gida.

Sama'ilu ya ajiye kwalin, ya zaro wani ɗan farin abu mai ƙahoni biyu, ya jujjuya shi.

"Wai wannan kunkurun mai ƙaho shi ne ya cinye buhu guda?"

"Rage murya mana! Rauta sunansa, shi ne zai jawo intanet ya raba wa kwamfutoci. Na hannu ne ma, da sabo ne da ya ci biyu."

"Me ya sa ba ka sayi wancan mai ƙaho huɗu da muka gani ba? Ya fi cika ido."

"Wancan sai da inbata. Wannan kai tsaye yake shan wuta daga batir. Ƙaramar sola ɗaya ta ishe shi, shi da fitilar zaure."

"To wannan igiyar fa mai tsawon tsiya?"

"Kebul ne, mita talatin. Katangar ƙasa tana shanye waifai kamar yadda rairayi yake shanye ruwa. In na dogara da iska, kafin ya kai zaure ya mutu. Sai an ja masa hanya."

"Bokitin fenti kuma? Shi ma ilimi ne?"

"Shi ne hularsa. Damina ta kusa."

Sama'ilu ya girgiza kai. "Mutum ya sayar da tuwo ya sayi iska. Allah ya sa mu ga alheri."

Da a ce Badaru yana da hali, da dogon ƙarfe zai sa mai walda ya yi masa, ya kafa a tsakar gida, babu ruwansa da rumbun kowa. Sai dai kuɗin ƙarfen ya kai na laftof guda, shi kuwa laftof biyun ma da ƙyar suka samu, ɗaya da tsaga a fuska. Shi ya sa ya shiga farautar sabis. Ya ɗaure wayarsa a kan doguwar gora, ya kunna karatu kai tsaye daga intanet, ya riƙa yawo da ita a gida yana sauraro. A zaure shiru. A bakin rijiya sai malamin ya yi kalma biyu ya shaƙe. A gindin tsamiya sai ya riƙa tari. Kaji suna bin sa suna kallon sama, tsofaffi suna cewa yaron nan birni ya taɓa masa kai, ga murya tana saukowa daga kan gora babu mutum. Amma da ya miƙa gorar saitin ƙoƙon kan babban rumbu, sai karatu ya zubo tar, babu yankewa, kamar malamin yana zaune a kan jinkar. Duk faɗin gidan nan, Allah bai ajiye sabis a ko'ina ba sai a nan.

Badaru ya yi bisimilla ya hau.

A ƙasarmu cikin rumbu sirrin maigida ne. Mace ba ta leƙawa, ɗa ba ya leƙawa. Maigida ne yake hawa shi kaɗai, ya fitar da na ci, ya rufe. Badaru shekararsa talatin da takwas, bai taɓa ganin cikin wannan ba. Ya ce a ransa ba zai ma kalla ba, zai kau da kai ya yi ɗaurinsa.

Ya sa kafaɗa ya ɗaga jinkar.

Abin da ya fara dukan fuskarsa iska ce mai sanyi. Rumbun da ke cike ɗumi yake fitarwa, da ƙamshin gero. Wannan kuwa warin tsohon ɗaki yake yi.

Bai san lokacin da ya leƙa ba.

Hasken rana ya faɗa ciki, ya tafi, ya tafi, bai tsaya ba sai a ƙasa. Wata tsaka ta ruga ta bi bango. Yanar gizo ta ratsa daga gefe zuwa gefe, ta yi kauri kamar an shanya zare.

Ya murza idonsa. Ya sake dubawa. Garin sunkuyawa hularsa ta zame, ta faɗa. Ya bi ta da ido har ta dira, ƙura ta ɗan tashi.

"Innalillahi," in ji shi. Rumbun ya mayar masa da maganarsa.

"Lafiya?" Sama'ilu ya tambaya daga ƙasa. "Maciji ne?"

Badaru ya ƙara zura kai cikin rumbun.

"Badaru! Kunama ce?"

"Hawo."

"Ni? In leƙa rumbun Baffa? Allah ya tsare ni."

"Na ce ka hawo, Sama'ilu."

Muryar da ya ji ce ta sa ya hau. Suka matsu a kan tsani su biyu. Sama'ilu ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa. Mutumin da bakinsa ba ya mutuwa, yau ya buɗe shi ya kasa rufewa.

"Ina... ina geron?"

"Ni kake tambaya?"

"Ko zangarniya ɗaya fa babu! Hular wa nake gani can?"

"Tawa ce."

"Badaru, buhunanka..."

"Yi min shiru!"

"Ƙaramin rumbu ya ƙare tun shekaranjiya. Da kunnena na ji Baffa yana cewa ranar Juma'a zai buɗe wannan. Mutum goma sha huɗu ne a gidan nan. Ko shuka ba a yi ba, balle a yi zancen kaka."

Badaru ya ji tsanin yana juyawa da shi. Ya tuna ranar da aka ɗora buhunan a mota ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye yana murna ya sayar da tsada. Daga ranar zuwa yau kwanon gero ya ƙara tashi sau biyu. Mai kayan kuwa da bakinsa ya ce masa, na hannu in ya fita ba ya dawowa.

"Ku sauko."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba. Suka waiwaya tare.

Malam Mati ne tsaye riƙe da kekensa, tayar baya a kwance, ƙaya ta yi mata aiki tun kafin ya kai titi. Ya dubi tsani, ya dubi jinkar da ke karkace, ya dubi kan ɗansa babu hula.

Suka sauko. Sama'ilu ya durƙusa.

"Baffa, wallahi ni tsani kawai..."

"Tashi ka tsaya bakin lungun can. Kar ka bar kowa ya zagayo."

Sama'ilu ya tafi da sauri. Tsoho ya jingina keken a hankali. Bai taɓa kiran sunan Badaru ba tun da aka haife shi, saboda kunyar ɗan fari. Yau ma bai kira ba.

"Kai. Me na ce maka?"

"Ka ce kar in taɓa, Baba."

"Ka leƙa?"

"Na leƙa."

Badaru ya jira tsawa, ya jira mari ma. Sai ya ga ubansa ya nemi dutse ya zauna, ya cire rawaninsa ya ɗora a gwiwa. Bai taɓa lura kan tsohon ya yi fari haka ba.

"To ka gani. Dama ranar Juma'a nake ta jin tsoro, sai ga ta ta zo ranar Talata."

"Baba, ina hatsin ya tafi? Sata aka yi mana?"

"Babu wanda ya sace ni. Da hannuna na fitar."

"Kai?"

"Bara waccan da shuka ta ƙone sau biyu, wa kake tsammani ya ba mutanen unguwar nan iri na uku? Muhammadu Sani ya zo ya tsuguna a nan inda kake, da gemunsa, ya ce kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansa ba. In ce masa me? Hure matar marigayi ƙanena, da marayu biyar. Liman ma da kake gani da babbar riga. Kowa zai zo ya ce Malam Mati, kai kaɗai ka rage mai rumbu. Ni kuwa in na ba wannan, kunyar hana wancan nake ji."

"Amma ka riƙa ce mana shekara biyu..."

"Da me kake so in riƙe gida? In mata suka san ƙasan rumbu ya kusa, barci zai ƙaurace musu. Yara su ji, gari ya ji. Maganar nan ita ce murfin tukunyar."

Badaru ya sunkuyar da kai. Haushi yake ji, tausayi yake ji, ga kuma nasa laifin zaune a ƙirjinsa kamar dutsen niƙa.

Tsoho ya share fuska da gefen rawani.

"Amma ban yi wauta duka ba. Na san inda na tsaya. Bayan kaka na hau na duba, na bar dami ashirin a ƙasa, na rantse ko wa zai zo ba zan ƙara taɓawa ba. Ka gan su ai. In aka lallaɓa, aka haɗa da rama da tafasa, za su kai mu sabon gero."

Badaru ya ɗago kai.

"Dami nawa, Baba?"

"Ashirin. Wataƙila ɓera ya ɗan rage."

"Baba... babu komai a ciki."

"Na sani ba yawa. Ai na faɗa maka."

"Ba haka nake nufi ba. Babu. Ko zangarniya. Ƙasa na gani, da hulata."

Malam Mati ya dube shi kamar ya yi masa yaren da bai taɓa ji ba.

"Idonka ne. Daga rana ka leƙa duhu."

"Sama'ilu ma ya gani."

"Ƙarya kuke yi, ku biyun!"

Ya miƙe, rawanin ya faɗi ƙasa bai kula ba. Ya kama tsani, ƙafarsa ta kasa samun matakin farko.

"Baba, bari in riƙe..."

"Sake ni! Da hannuna na jera su. Ashirin! Aljani ne ya ci?"

"Kar ka hau, Malam."

Muryar mace ce. Inna Barira ce, matar Malam Mati, mahaifiyar Badaru, ta zagayo ta bayan ɗakin girki, inda Sama'ilu bai yi tsammani ba. Muciya tana hannunta, da ɗanyen tuwo a jiki.

"Kar ka wahalar da gwiwarka. Gaskiya ya faɗa maka. Babu."

Tsoho ya saki tsanin.

"Ke kuma ta ina kika sani? Leƙawa kika yi?"

"Shekara arba'in ina gidan nan, ka taɓa ganin ƙafata a kan tsani?"

"To ta yaya?"

Ta wuce su ta zagaya bayan rumbun, wajen da yake kusa da katanga, inda kaji suke kwanciya tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai. Ta sunkuya ta kore su. Ta sa gindin muciya ta bugi wani wuri da yaɓensa ya fi sauran duhu. Yaɓen ya zube. Ta zaro wani tsumma, sai ga rami, daidai shigar hannu.

Badaru ya sunkuya ya duba. Ta cikin ramin ana hango hasken da ke saukowa daga sama.

"Barira," in ji Malam Mati, da wata murya siririya. "Ke?"

"Ni."

"Kika huda min rumbu?"

"Na huda. Duk Juma'a in kun tafi masallaci, da maƙata nake jawowa."

"Kika kai wa wa? Kika sayar?"

"In sayar in sayi me? Cikinku na kai wa."

"Ba na ba ki awo duk mako? Na taɓa fashi?"

"Ba ka taɓa ba. Awon mutum tara kake ba ni, Malam, irin na da. Wata bakwai ke nan muna goma sha huɗu."

Ba ta dubi Badaru ba. Ko gefen da yake ba ta kalla ba. Shi kuwa ji ya yi kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya tuna malmalar da ake kai masa ɗaki, manya-manya. Ya tuna 'ya'yansa suna neman ƙari ana ba su. Ya tuna ranar da ya ce wa Hafsatu, kin ga albarkar ƙauye, a nan ba a auna wa mutum tuwo.

"Ba sai ki faɗa min ba?" in ji tsoho.

"Na ce maka awo ba ya kaiwa. Ka ce a lallaɓa."

"Sai ki ce min saboda su wane ne!"

"Da wane bakin? In tsaya a gabanka in ce 'ya'yan wannan ba sa ƙoshi?" Ta nuna Badaru da muciya, fuskarta tana kallon katanga. "A ce Barira ta tsufa ta zubar da kunya, tana yi wa ɗan fari roƙo? Ni na ɗauka rumbun cike yake har wuya, yadda kake faɗa. Na ce in na ja daga ƙasa, na sama zai sauko, shekara biyu ba za ka gane ba. Sai Juma'ar da ta wuce na zura maƙata, na juya, na juya, na ji tana kartar ƙasa."

Sama'ilu ya baro bakin lungu ya matso, hannu biyu a ka. Wata kaza ta dawo ta leƙa ramin, ta ga babu abin tsinta, ta wuce.

"Wanda kika jawo na ƙarshe fa?" Malam Mati ya tambaya.

Ta ɗaga muciyar.

"Shi ne a kan wuta."

Tsoho ya koma kan dutsensa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, leɓensa yana motsi. Badaru ya ga hawaye ya gangaro ya shige cikin farin gemun. Sai kuma a hankali fuskar ta fara sakewa, kamar wanda ya tuna ya bar wani abu a aljihun tsohuwar riga.

"Alhamdulillahi," in ji shi. "Allah ba ya rufe ƙofa duka. Ni na yi tawa wautar, ke kin yi taki. Ashe yaron nan ne mai hankalin cikinmu."

Sama'ilu ya dubi Badaru. Badaru ya dubi kwalin da ke gindin tsani.

"Lokacin da ya ce zai kawo geron gayaunarsa gida, ni na hana. Na ce ba a cin gayauna ana da gandu. Ashe Allah ne yake yi mana tanadi." Ya goge idonsa, har da ɗan murmushi. "Buhu biyar. In aka bi a hankali, za su kai mu."

Inna Barira ta sauke ajiyar zuciya, karon farko ta juyo ta dubi ɗanta a ido.

"Sama'ilu," in ji Malam Mati, "ɗaura wa shanu amalanke. Kai kuma ɗauki kunkurun naka ka ajiye, ka wuce gaba. Yanzu za mu je wajen Ɗan Iya mu kwaso su, ni da kai."